In Allah ya riga ya tsara komai, addu'a ta mece ce?

[Hoto: ƙofar majami'a a Garwa, da yamma]

Wata Laraba, bayan an tashi taron addu'a a wata majami'a a nan Garwa, a arewacin Kamaru, wani saurayi ya tsaya bakin ƙofa yana jiran dattijon ikilisiya. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum ana gaya mana ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da yardar Allah ba. To, durƙuson da muke yi na mene ne? Abin da ya rubuta ai ba ya gogewa."

Ni ma na yi wannan tambaya, a dararen da na kwana gefen gadon mahaifiyata a asibiti. Saboda haka ba zan ɗauke ta da wasa ba.

Mu fara da Yesu kansa. A Matiyu 6:8 ya ce Ubanmu ya san bukatarmu tun kafin mu roƙe shi. Mutum zai zaci zai ƙara da cewa to, ku huta. Sai ga shi a aya ta gaba yana koya wa almajiransa yadda za su yi addu'a, har da roƙon abincin yini. Sanin Allah da roƙon bawa ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

[Hoto: busasshiyar ƙasa ta tsattsage]

Labarin annabi Iliya ya fi fito da abin fili, kuma mu da muke zaman jiran ruwan fari a watan Mayu mun san zafinsa. Shekara 3 da wata 6 ba a ga ɗigon ruwa a ƙasar Isra'ila ba, kamar yadda Yakubu 5:17 ya faɗa. A farkon sura ta 18 ta littafin Sarakuna na fari, Allah ya ce wa Iliya ya je ya nuna kansa ga sarki Ahab, domin zai aiko da ruwa. Magana ta ƙare ke nan, Mai sama ya faɗa. Amma dubi abin da Iliya ya yi. Ya hau ƙwanƙolin Dutsen Karmel, ya sunkuya ƙasa, ya cusa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya aiki baransa ya duba wajen teku. Baran ya dawo ya ce ba komai. Ya ce koma. Haka aka yi ta yi har sau 7, kafin yaron ya ce ga wani ɗan gajimare can kamar tafin hannun mutum. Mutumin da ke riƙe da alkawarin Allah a hannu, shi ne ya fi kowa naci a wannan rana. Alkawarin ne ma ya ba shi ƙafar tsayawa. Haka annabi Daniyel, da ya karanta a littafin Irmiya cewa shekara 70 aka ɗiba wa kangon Urushalima, sai ya shiga azumi da roƙo, da tsummoki da toka.

[Hoto: masu dashen masakwa a filin laka]

Wanda ya taɓa bin hanyar Marwa bayan ɗaukewar damina ya ga masu dashen masakwa, wato dawar rani. Mutum ya caka sanda mai tsini a baƙar laka, na bayansa ya zuba ɗan ruwa a ramin, wani ya sa dashe guda biyu. Rami bayan rami, a cikin rana. Tambayi kowanensu wa ke ba da hatsi, zai ce maka Allah. Ba wanda zai ajiye sandarsa saboda wannan amsa. Allahn da ya ƙaddara damin da za a ɗaure, shi ya ƙaddara ramin da ruwan da hannun da ya dasa. Hausawa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Addu'a tana cikin abin da ya tsara, kamar yadda dashe yake cikin girbi. Shi ya sa Yakubu, a wasiƙarsa, bai ji nauyin cewa ba ku samu ba domin ba ku roƙa ba.

Sai mai tambaya ya ce, to addu'a tana juya ra'ayin Allah ke nan? Ga sarki Hezekiya, an ce masa ya kimtsa gidansa mutuwa zai yi, ya juya fuska bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15. Kiristoci sun daɗe suna muhawara a nan. Wasu sun ce hawayen da ƙarin kwanan duka suna cikin shirin Allah tun fil azal. Wasu sun fi jaddada cewa da gaske Allah yakan amsa gwargwadon abin da bawa ya zaɓa ya yi. Ni na fi karkata ga na farko, amma duka ɓangarorin sun yarda roƙon Hezekiya ya yi aiki, kuma Allah bai rasa ragamar komai ba.

Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba wasiƙa kan addu'a wajen shekara ta 412. Ya ce ba labari muke kai wa Allah ba, marmarinmu ne yake so ya faɗaɗa ta wurin roƙo, don mu iya ɗaukar abin da ya shirya bayarwa. Ƙaramar ƙwarya ba ta cin mudu goma.

Saura mai wuyar. Manzo Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. A lambun Getsamani, Yesu Ɗan Allah da kansa ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, guminsa yana ɗiga kamar jini, sannan ya ce ba nufina ba, naka za a bi. Ya faɗi abin da yake so tukuna, bai ɓoye ba, kana ya miƙa wuya.

Mahaifiyata ba ta tashi daga wancan gadon ba. Dare na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, yi mana Ubanmu wanda ke cikin sama." Muka yi tare, muryarta ƙasa-ƙasa. Da muka zo wurin a aikata nufinka, sai ta matse yatsuna, ta sake maimaita shi ita kaɗai.