Kiɗan da ya hana ni barci a Aston

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ku yi haƙuri da iskar nan, Bamingam ce, ko da rani sai ta nuna maka hali. Kun ga wancan jan ginin da ke bayana? Villa Park ke nan, filin ƙwallon Aston Villa, ɗakin da nake haya yana nan ta baya, kuma wallahi har yau idan na tuna ranar 5 ga Yulin 2025 sai na ji kaina ya sara. Na taso daga aikin dare a gajiye, na sha shayi na miƙe, wajen azahar sai ji na yi taga tana rawa, kofin da ke kan tebur yana tafiya da kansa. Na leƙa titi, jama'a maƙil, kowa cikin baƙaƙen kaya, tsofaffi da furfura har gadon baya suna ta ihu kamar yara, mutum wajen dubu 40 fa, wai wasu makaɗa da ake kira Black Sabbath ne za su yi wasan bankwana. Na ce su waye kuma haka, ni da nake biyan fam 550 duk wata a hana ni barci.

Maƙwabcina wani dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin kamfanin mota, da na kai masa ƙorafi sai ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce yaro shigo. Ya ɗauko wani faifai na Black Sabbath ɗin da kwalinsa ya ci duniya, hoton wata mata a tsaye cikin baƙin mayafi gaban wani tsohon gini, ya hure ƙura ya ɗora allura. Da farko ba kiɗa, ruwan sama ne da tsawa, sai ƙararrawar coci can nesa, sai jita ta faɗo da sauti uku kacal, a hankali, da nauyi, na ukun nan kamar ba a wurinsa yake ba, shi ne ke sa tsigar jikinka ta tashi. A'uzubillahi na fara cewa. Amma fa ban tashi ba har aka juya faifan.

Faifan nan ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970 ya fito, ranar da turawa ke camfawa. Rana ɗaya tal suka ɗauke shi a situdiyo a Landan, a Oktoban 1969, washegari suka kama hanyar Suwizalan neman na abinci. Samari huɗu 'yan unguwar nan, Ozzy Osbourne, Tony Iommi, Geezer Butler da Bill Ward, 'ya'yan talakawa, Ozzy har a mayanka ya yi aiki. Marubutan jaridun kiɗa na lokacin sun yi musu tatas, wai hayaniya ce kawai, matasa kuwa suka yi ta saye har ya kai na 8 a Birtaniya.

Abin da ya tsaya mini a rai labarin Iommi ne. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe, ranar da zai ajiye aikin injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, shi kuma bahago ne, da hannun daman nan yake danna tsirkiyar jita. Bawan Allah nan ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya mulmula ta ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiya, daga baya ma ya sassauta su don rage zafi, sautin ya ƙara yin ƙasa ya yi kauri. Ni da nake tsaye gaban inji duk dare a sito, tun daga ranar nake ƙirga yatsuna kafin na tashi aiki. Ku 'yan uwa masu zuwa aikin masana'anta, don Allah kar gajiya ta sa ku cire safar hannu ko ku zura hannu cikin inji don ya maƙale, ku kira mai kula, ba kowa ke rasa yatsa ya zama Iommi ba.

Dattijon ya ce lokacin suna yara cikin ƙarar guduma ake kwana ake tashi a Aston, ita ce ta shiga kiɗan. Ni ban yi mamaki ba, mu ma maƙera suna da dundufarsu, kakana na wajen uwa maƙeri ne, ina tuna yadda bugun uwar maƙera da na ganga ke tafiya tare, kai har ƙamshin gawayin na ji a hancina a falon Baturen nan, sai da na kira gida da daddare.

To ku dubi inda abin ya kai. Metallica, Slayer, Pantera, Guns N' Roses, manyan makaɗan da ke cika fili su kaɗai a Amurka, duk sun zo nan unguwarmu suka yi 'yan waƙoƙi suka sauka suka ba dattawa wuri. Eh unguwarmu na ce, ina biyan haraji ai. Ozzy a zaune ya yi waƙa kan wata baƙar kujera saboda ciwo, ranar 22 ga watan kuma ya mutu, aka cika gadar Black Sabbath da ke Broad Street da furanni har ba wurin taka ƙafa. Ƙaton bijimin ƙarfen nan na tashar New Street ma Ozzy ake ce masa, kuma a 2023 har rawar bale, rawar turawa ta dandamali, aka shirya da kiɗansu, abin da iyaye ke hana 'ya'yansu ji a da.

Batun da ake cewa kiɗansu na shaiɗan ne kuwa, na san za ku tambaya. Waƙar farkon ta mutum ce da ya ga abin tsoro yana roƙon Allah ya cece shi, sunan Black Sabbath ɗin ma daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko. Duk da haka ni ba na sa shi kullum, kuma kar ka ga riga mai kyau a kasuwa ka saya ba ka duba zanen ba, Aston ta yau masallatai ne ko'ina, ka shiga sahu da hoton ƙoƙon kai a ƙirji dattawan Pakistan za su yi maka wankin babban bargo. Na tambayi faifan na asali a wani shago a cikin gari, mutumin ya ce fam 300 ko dariya bai yi ba, na lissafa a naira na ajiye masa abinsa a hankali. Ga bas ɗina can, unguwar Alum Rock za ni neman naman rago, sai mun haɗu.