Agneepath: fim ɗin da muryar jaruminsa ta kayar a kasuwa

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau a kan Agneepath ne, fim ɗin Indiya na 1990 wanda Mukul Anand ya ba da umarni, Yash Johar kuma ya zuba kuɗinsa. Ma'anar sunan ita ce hanyar wuta, an kuma ɗauko shi daga wata waƙa ta Harivansh Rai Bachchan, mahaifin jarumin fim ɗin, Amitabh Bachchan.

Fim ɗin ramuwar gayya ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an fara da zaluncin da zai tsaya wa mai kallo a ƙahon zuci. A nan an yi aikin da kyau. Dinanath Chauhan malamin makaranta ne a Mandwa, wani ƙauye a bakin teku kusa da Bombay (Mumbai a yau), shi ne kuma ya hana mugun fim ɗin, Kancha Cheena, mayar da garin matattarar safarar ƙwaya. Sai aka ƙulla masa sharri da wata karuwa, mutanen da yake koyar da 'ya'yansu suka rufe shi da duka har rai ya yi halinsa. Ɗansa Vijay, yaro ƙarami, shi ya ɗora gawar a amalanke ya tura. Bayan wannan, duk jinin da Vijay zai zubar, mai kallo ya riga ya san tushensa.

Da Vijay ya girma (Amitabh ne ya fito a matsayinsa) ya zama ƙasurgumin ɗan daba a Bombay, ku lura da yadda yake gabatar da kansa gaban ɗan sanda Gaitonde: cikakken suna, sunan uba, sunan uwa, sunan ƙauye, sannan shekara 36 da wata 9 da kwana 8, har da awar da ake ciki. Mutum ne mai ƙirga kwanakinsa kamar mai bin bashi. Amma mafi nauyi a fim ɗin ita ce uwar, Suhasini, wadda take ƙyamar dukiyarsa da hanyar da ya bi. Rohini Hattangadi ce ta fito a matsayin, alhali Amitabh ya girme ta, kuma ba ka ganin hakan ko kaɗan.

To, ina aka samu matsala? A murya. Amitabh ya ajiye muryarsa mai kauri da aka san shi da ita, ya ɗauko wata dusasshiya mai fita daga maƙoshi. A sinima, inda lasifika ba su da kyau, maganar ba ta fita sosai, har wasu suka zaci na'ura ce ta lalace. Dole aka koma aka sake ɗora sautin da muryarsa ta asali, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, fim ɗin bai kawo kuɗin da aka yi tsammani ba. A ganinmu muryar farko ce daidai, domin ita ta dace da mutumin da baƙin ciki ya ci tun yana yaro. Gwamnatin Indiya ma ta ba Amitabh lambar gwarzon jarumi ta ƙasa a kan wannan rawa.

Wani abin da ya rage masa ƙarfi shi ne waƙoƙi da barkwancin Mithun Chakraborty, wanda ya fito a matsayin mai sayar da kwakwa da ya ceci ran Vijay. Ya yi ƙoƙari har ya ci lambar yabo ta finafinan Indiya ta Filmfare, sai dai yana sanyaya wutar labarin a tsakiya. Da Karan Johar ya sake shirya fim ɗin a 2012 da Hrithik Roshan da Sanjay Dutt, an cire wannan matsayi gaba ɗaya, aka shigo da sabon mugu, Rauf Lala, wanda Rishi Kapoor ya fito a matsayinsa.

A na 1990, Vijay ya ratsa cikin wuta a guje ya kashe Kancha a Mandwa, sannan ya cika a kan cinyar mahaifiyarsa.