Kifin Teku da Burbushin Bama-baman Nukiliya

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Wata baiwar Allah daga Mabera ta aiko da tambaya, ta ce ta ji ana cewa kifin ƙanƙara da ake kawo mana, irin su titus, yana ɗauke da gubar nukiliya. To Hajiya, maganar tana da asali.

A ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta yi gwajin wani ƙaton bam na nukiliya a tsibirin Bikini, cikin Tekun Fasifik. Ƙurar ta sauko wa wani jirgin masunta na Japan kamar toka. Mutum 23 ne a cikinsa, duka suka kamu da ciwo, ɗayansu ya rasu a shekarar. An zubar da kifin tuna mai ɗimbin yawa a Japan saboda gubar ta shiga jikinsa. Mu ma abin ya zo kusa da mu, domin a 1960 Faransa ta fara gwajin nata bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ta inda iskar hunturu ke busowa. Kan wannan ne Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961.

Yanzu ku saurara da kyau. Cikin burbushin gubar da waɗannan bama-bamai ke bari akwai mai saurin mutuwa, kamar ayodin-131, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk kwana 8. Akwai mai taurin kai, sisiyom-137, shi sai kusan shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Yana shiga tsokar kifi. Amma tun 1963 Amurka, Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a daina gwaji a sararin sama da ƙarƙashin ruwa. Rabi ya tafi, rabin rabin ma ya tafi, sauran kuma ya narke cikin ruwan teku mai faɗi. Abin da ya rage cikin kifi bai kai ko sinadarai masu irin wannan tiririn nukiliya da Allah ya halitta a jikinsa tun asali ba, kamar fotasiyom-40, wanda mu ma yake jikinmu.

Don haka Hajiya, ki ci titus ɗinki hankali kwance. Abin da ya fi damuna shi ne kifin da ya narke saboda ɗaukewar wuta a zafin nan na Sakkwato, aka sake daskarar da shi. Ki danna tsokar da yatsa, in ta lotsa ba ta dawo ba, ko idon ya faɗa ciki, ki bar wa mai shi kayansa.