Jan ciki da fadanci a bakin Bature da Bajamushe

Jariri na rarrafe, maciji na jan ciki. Turanci ya haɗa su a kalma ɗaya, crawl. Bajamushe kuwa yakan raba: jariri da ƙwaro krabbeln suke yi, maciji da tsutsa kriechen. A nan wanda ya fara da Turanci ke tuntuɓe, domin kriechen ce kaɗai ke zama zagi.

Saurari wannan: Er kriecht vor dem Chef. Wato yana jan ciki gaban maigida, ya zubar da girmansa don neman gindin zama. Riƙe abu biyu. Bayan vor, dem ake sawa a nan, ba den ba. In kuma abin ya wuce, sai ka ce er ist gekrochen. Mai wannan hali sunansa Kriecher. Bature zai ce grovel, kalmar da asalinta ke nufin kifa fuska a ƙasa.

Kada ka ruɗe da zu Kreuze kriechen. Ba fadanci ba ne. Ta samo asali daga tsohuwar al'adar Kiristoci ta rarrafawa zuwa gicciye don tuba, yau kuma ana faɗinta ga wanda ya cika baki, sannan ya dawo yana ba da haƙuri kai a sunkuye. Daidai da come crawling back ke nan.

Sai sunayen masu tumasanci. Na Bature takalmi yake lasa, bootlicker. Na Bajamushe miyau, Speichellecker. Toady ta fito daga toad-eater: yaron mai maganin bogi a Ingila ta ƙarni na 17, wanda ke nuna ya haɗiyi kwaɗo gaban jama'a, kwaɗon da ake ɗauka dafi ne, sai maigidansa ya “warkar” da shi, magani ya sami kasuwa.

A rubutun hukuma tsaya kan obsequious a Turanci ko unterwürfig a Jamusanci. Schleimer, wani sunan mai tumasanci a Jamusanci, ta hirar abokan aiki ce. Arschkriecher ashar ce tsagwaronta, bar ta.

Akwai wadda Turanci ba shi da kwatankwacinta a kalma guda: Radfahrer, mai tuƙa keke, wato mai yi wa na sama fadanci yana taka na ƙasa da shi. Dubi zamansa a kan sirdi: ta sama ya rusunar da baya, ta ƙasa yana takawa da ƙarfi.