Bayan matar nan ya hana ni sakat a Damagaram

Jama'a, ku dubi wannan takarda. Ita ce ta huɗu da na lalata yau, ko azahar ba a kira ba. Wallahi raina a ɓace yake.

Ina unguwar Zango a Zinder, a zauren wani dattijo mai rubuta allunan shaguna, shi ke koya mini fentin ruwa. Na ce masa mutane nake so in iya zanawa, sai ya jawo wani tsohon littafin Faransanci ya buɗe mini hoton mata uku suna kala a gona. Wani Bafaranshe mai suna Millet ne ya zana shi a 1857, na ainihin yana gidan tarihi na Orsay a Faris. Na yi dariya na ce, "Baba, kala? Ai da kalar gyaɗa kakata ta raine ni." Ya ce, "To ɗan Kano, bismilla."

Shi Baturen da fentin mai ya yi aikinsa, in ya kuskure sai ya ɗora wani a kai. Fentin ruwa babu wannan gata. Farinka shi ne farin takarda, in ka taɓa shi ya tafi ke nan, kuma daga mai haske ake farawa a gangaro zuwa mai duhu. Ga hunturun garin nan! Kafin in ja burushi daga kafaɗar ta tsakiya, mai jan ɗankwali, zuwa ƙugunta, farkon ya bushe. Kun ga layin da ya fito a bayanta? Kamar shatin bulala.

Takardar ma mai kauri ce, giram 300, daga Yamai aka kawo, jika guda kowace, wato sefa dubu. Ku lissafa. Af, kuɗin nan nasu sai da ya ba ni kunya: ɗan kabu-kabu ya ce mini dala arba'in, na tsaya laluben sefa arba'in, ashe ɗari biyu yake nufi. A Kano da tuni na yi ciniki na wuce.

Ni dai ina gargaɗinku, kada wanda ya fara da fuska. Awa guda na ɓata a kan ido da hanci, sai Baba ya ce in sake duba hoton. Ashe fuskokin da ƙyar ake ganinsu, duk gajiyar tana gadon baya. Ya kama hannuna, ya jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, sannan muka ja layi ɗaya daga ƙeya har yatsun da ke taɓa ƙasa. Abin da ya rage a gwangwanin kuma ya zuba wa shukarsa, don a garin nan ba a wasa da ruwa.

Ta hagun dai ta fito, har hannun da ta maƙale a baya, ba don yabon kai ba. Na tura wa Inna ta WhatsApp, ta ce wannan ba ta iya kala ba, ina ƙwaryarta?