Amsoshin Tambayoyinku: ɗafa-ƙeyar da ke mayar da kalmar Turanci sifa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, duka a kan Turanci, kuma ta farkon ce za ta fi cin lokacinmu.

Wata ɗaliba ce daga Zariya, mai shirin zana jarrabawar WAEC. Ta ce kullum sai ta haddace kalmomi ashirin daga ƙamus, amma kafin mako ya zagayo duk sun zube. Tana tambaya ko akwai wata dabara.

To 'yata, akwai, kuma tana bakinki tun kina goye. Idan Bahaushe ya ce "mai amfani" da "marar amfani", kalma ɗaya ya ɗauka ya fitar da sifa biyu. Bature ma haka yake yi, sai dai mu a gaba muke sa namu, shi kuwa a bayan kalma yake liƙa nasa. Malaman nahawu suna kiran wannan ɗan guntun ɗafa-ƙeya. Ɗauki use, wato amfani. Liƙa mata -ful, ta zama useful, mai amfani. Liƙa mata -less, ta zama useless, marar amfani. Haka careful da careless, mai kula da marar kula. Haka harmful da harmless, mai cutarwa da marar cutarwa.

Ki samu littafin rubutu, ki raba shafi gida uku: saiwar kalma a tsakiya, "mai" a dama, "marar" a hagu. Duk kalmar da kika tsinta a jarida, ki nemo mata 'yan uwanta, ki sa kowace a jimla taki ta kanki. Na ga yaran da suka bi wannan hanya, har suka daina tsoron sabuwar kalma, domin da sun gan ta sai su fara duba ƙeyarta.

Amma ki kula, a nan ne ake zubar da maki a banza, abin yana yi mini ciwo. Wannan -ful daga full ta fito, amma da harafin l ɗaya ake rubuta ta. Beauty kuma idan za ta zama beautiful, y ɗinta komawa take yi i. Sannan ba kowace kalma ke karɓar duka biyun ba. Akwai homeless, marar matsuguni, amma ba a yi mata kishiya da -ful. Priceless kuwa ba marar daraja ba ce, abin da darajarsa ta wuce a sa masa farashi ne. Marar daraja worthless ake cewa. Saboda haka kada ki jingine ƙamus ɗin nan. Ki riƙa leƙa shi ki tabbatar kafin ki rubuta.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi ta zo, daga wani malami da ya yi karatunsa da Faransanci. Ya ce yana mamakin yadda sifofin Turanci da yawa suke kama da waɗanda ya sani.

Malam, tarihi ne ya kawo haka. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon lokaci, kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Shi ya sa dangereux ɗinku ta zama dangerous, -ique ta zama -ic, -able kuwa tana nan yadda ka san ta. Har Turawan Ingila suka riƙa liƙa ta a nasu kalmomin na gado: drinkable, mai shawuwa, readable, mai karantuwa. Ka ga mu ma muna da irin wannan, a "ya shawu" da "ya karantu". Sai dai ka yi hattara da sensible. A Turanci mai hankali take nufi. Wanda abu ke saurin taɓa masa zuciya, wanda kuke ce wa sensible a Faransanci, sensitive ake ce masa a Turanci.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Kano: me ya sa aka yi masa dariya da ya ce "I am boring"?

Ɗana, kada wannan ya sa ka yi shiru a aji. Mai -ing shi ne abin da ke jawo yanayin, mai -ed shi ne wanda abin ya sama. Darasi ne boring idan ya gundure ka, kai kuma bored. Haka aiki tiring, mai gajiyarwa, ma'aikaci tired, gajiyayye.

Lokaci ya cim mana. A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.