Murhu a gefe, nama a ɗaki: yadda ake ƙera tandar banda irin ta Texas

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Samarin da ke bakin ƙofa ku shigo, akwai benci.

Abubuwa huɗu na zo da su: ƙarfe, murhu, bututun hayaƙi, da itace. Amma bari in fara da siffar abin, don na ga wasu na yi wa hoton nan kallon tankar ruwa. Mu a nan mun saba da tukuba da ragar mai balangu, nama na kallon wuta, wuta na kallon nama. Mutanen Texas, a Amurka, sai suka raba musu ɗaki. Ga babban bututu a kwance, nan nama yake. Ga ƙaramin akwati manne a gefensa, ɗan ƙasa kaɗan, nan wuta take. A ɗaya ƙarshen kuma ga bututun hayaƙi a tsaye. Zafi da hayaƙi ne kawai ke ratsa naman su wuce. Kusan banda ce, irin ta masu kifi a Baga, sai dai su ba busarwa suke nema ba, so suke naman ƙirjin saniya ya kwana yana narkewa, awa 12 ko fiye, har ka iya yagarsa da yatsa. Kuma 'yan'uwanku ne suka yayata abin, masu walda a filayen haƙar mai na Texas da Oklahoma, da ragowar bututun mai suke ƙerawa.

Ƙarfe dai, a nemi mai kauri, kwatan inci, wajen milimita 6. Shi ke riƙe zafi. Shi ke nan, na ɗaya ya wuce.

Na biyu, kuma nan nake so ku buɗe kunne: iska. Eh, na san murhu na ce ɗazu, ai duk tafiyar ɗaya ce. Wannan tanda numfashi take yi. Iska ta shiga ta ƙofar murhu, ta ɗauki zafi, ta ratsa ɗakin nama, ta fita ta bututu. Bututun nan shi ke janyo komai, kamar yaro na zuƙar lemo da tsinke. In ka shaƙe shi, ka shaƙe wutar. Ni na farko da na ƙera, rowa ta sa na ɗauko wani siririn bututu da na tsinta a bayan shago, inci biyu, na manna. Na sayo nama mai tsada, na kwana ina gadi, sauro na cizo. Da asuba na buɗe, nama ya yi baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Maiɗakina ta ɗanɗana ta ce, "Malam, wannan na ci ne ko na maganin shawara?" (dariya)

Me ya faru? Wuta ba ta samu iska ba, sai ta yi ta tuƙa farin hayaƙi mai kauri, ya zauna a kan naman dare guda. Hayaƙin da ake so siriri ne, shuɗi-shuɗi, wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi. In ka ga bututunka na turnuƙewa kamar tsohuwar tifa a hawan dutse, to naman ya tafi. Ku riƙe wannan, siriri, shuɗi-shuɗi. Saboda haka murhun ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na girman ɗakin naman, kafar da ke tsakaninsu ta wadata, bututun ya yi faɗi ya kuma yi tsawo. Sannan bakinsa na ciki kada ka huda shi a can saman rufi, hayaƙi zai bi sama ya gudu bai gaisa da nama ba. Sauko da shi daidai ragar. Akwai wani Aaron Franklin a birnin Austin, tun 2009 yake wannan sana'a, mutane na bin layi tun safe don namansa, da tsofaffin tankokin gas masu galan dubu yake aiki. Ku dubi nasa, bututun a daidai raga yake fita. Zafin ɗakin kuma tsakanin digiri 107 zuwa 135 na Celsius, a sa ma'auni kusa da raga, ba a dogara da tafin hannu.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? To itace. Su itacen oak suke so, wasu kuma mesquite, wanda dangin kiryarmu ne, kirya dai ta gawayin maƙera. Busasshe kawai. Ban da katako mai fenti. Ƙyauren ɗakin naman kuma yakan murɗe in an yanka shi daga jikin bututun, a bi gefensa da falan ƙarfe kada hayaƙi ya tsere.

Na'am, Alhaji? Ɗaga murya kaɗan.

Yana tambaya ko za a iya yi da duro ko tsohuwar tukunyar gas. Ranka ya daɗe, gara da ka tambaya, da na tafi da nauyi a wuyana. Duro zai yi don koyo, sai dai ba shi da kauri, iskar hunturu na kaɗawa zafi ya zube, kuma duron da ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, ka bar shi. Bututu mai farin shafe, galbanaiz, shi ma a'a, tururinsa guba ne in ya ji wuta. Tukunyar gas kuwa, samari ku dube ni. Ko ta shekara a yashe, akwai sauran gas a ciki. A cire kan, a cika ta da ruwa da sabulu har ta tumbatsa, a bar ta ta kwana biyu, a zubar, a sake cikawa, sannan a kawo injin yanka. Kada wanda ya sunsuna ya ce ai ba wari. Kai mai jar hula, kai nake kallo, na ga hannunka na ƙaiƙayi tun ɗazu. Me za a fara yi? Ruwa. To, an kira salla, sauran sai a shago.